Gilashin ƙofar fasinja yana sauka amma ba ya hawa: moto ne, maɓalli ne, ko waya?

Abban_Hafsat
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana wayarin mota kafin in sake kashe wani kuɗin. Motata Toyota Corolla ce samfurin 2006, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano, kuma shekara shida ke nan tana hannuna. Tun farkon hunturu gilashin ƙofar gaba ta fasinja ya fara gardama, yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Yanzu ga inda abin ya tsaya: idan na danna daga babban maɓallin da ke ƙofar direba, ko motsi ba ya yi, hawa ko sauka, idan kuma aka danna maɓallin da ke ƙofar fasinjan, yana sauka lafiya lau amma ba ya hawa. Sauran gilasai ukun suna aiki. Mai gyaran da na kai wa ya ce moton da ke ɗaga gilashin ne ya mutu, na sayo wani na hannu aka sa, abin bai canza ba. Yanzu kuma cewa yake in sayi babban maɓallin gaba ɗaya. Gilashin yana ƙasa, na toshe tagar da leda, ga ƙura ta cika motar. Ta ina ya kamata a fara bincike?

Direban_Haya
Wa alaikumus salam. Alhaji, a fara duba fiyus, sannan a tabbata yara ba su danna maɓallin nan mai kulle gilasan fasinja ba. Na taɓa ɓata yini guda a gareji a kan wannan maɓallin kaɗai.

Riwaya_Zariya
Shawarar Direban_Haya tana da kyau a matsayin matakin farko, sai dai a wannan matsalar ba za ta kai mu ko'ina ba. A irin wannan Corolla fiyus ɗaya ne mai amfiya 30 yake ba gilasan huɗu wuta, saboda haka da ya ƙone da babu wanda zai motsa. Maɓallin kullewa kuma da shi ne, da gilasan baya ma sun tsaya, kuma da wannan ɗin bai sauka ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sayen moton da aka sa ka yi, Alhaji, domin moton da ke sauke gilashi shi ne dai yake ɗaga shi. Waya biyu kacal ke shiga cikinsa. Idan aka ba ta farko wuta aka ba ta biyu at, wato aka haɗa ta da ƙarfen jikin mota, ya juya dama. Idan aka musanya, ya juya hagu. Moton da ya iya sauke gilashi da ƙarfinsa ya riga ya ba da shaidar cewa yana da rai. Ka karɓo tsohon naka ka adana shi, mai yiwuwa ma ya fi wanda ka saya lafiya.

Maman_Iman
Ni ma tawa ta yi mini kusan haka bara. Idan aka riƙe maɓallin aka bubbuga jikin ƙofar da tafin hannu sai gilashin ya tashi, daga baya aka gano kabon ɗin cikin moton, wato ɗan gawayin da ke miƙa wuta ga sashen da ke juyawa, shi ne ya cinye. Ko Abban_Hafsat zai gwada bugun?

Riwaya_Zariya
Hajiya, naki daban ne. Idan kabon ya cinye, moton yana ƙin tashi ne ta kowane ɓangare kuma daga kowane maɓalli, sai an girgiza shi. Nasa kuwa kullum yana sauka, kullum yana ƙin hawa, kuma an canza moto bai daina ba.

Malamin_Fasaha
Bari in ɗora a kan abin da Malam Riwaya ya faɗa, domin alamomin da Abban_Hafsat ya lissafa sun kusa nuna wurin da laifin yake, idan aka san yadda aka haɗa wayarin. Tsakanin babban maɓallin direba da ƙaramin maɓallin fasinja akwai waya biyu, ɗaya ta hawa, ɗaya ta sauka. Idan babu wanda ya taɓa komai, babban maɓallin yana riƙe da su duka biyun a kan at, wato a haɗe da ƙarfen jikin mota, shi kuma ƙaramin maɓallin yana miƙa su kai tsaye zuwa moton. Ƙaramin maɓallin yana da wayar wutarsa ta kansa, amma ba shi da at na kansa, aro yake yi daga ƙofar direba. To idan fasinja ya danna sauka, wuta tana shiga moton ta gefen sauka, ta fito ta gefen hawa, ta bi wayar hawa har ƙofar direba ta samu at. Idan ya danna hawa, wutar tana komawa ne ta wayar sauka.

Daga nan sai a yi lissafi. Direba yana bukatar wayoyin biyu duka ko hawa zai yi ko sauka, shi ya sa tsinkewar ɗaya take hana shi komai. Fasinja kuwa waya ɗaya kawai yake bukata a kowane dannawa. Tunda sauka tana yi, wayar hawa lafiyarta ƙalau. Tunda hawa ta ƙi, hanyar da ta yanke ita ce ta sauka, kuma wannan ne yake rikita masu gyara da yawa, sai ka ga suna ta bin wayar hawa suna neman laifi inda babu shi.

Da a ce babban maɓallin ne bakinsa na at ya ƙone a gefen sauka, da gilashin zai riƙa sauka daga maɓallan biyu, ya ƙi hawa daga biyun. Ba haka naka yake yi ba, Alhaji, don haka ina ganin kada ka yi gaggawar sayensa. Abu biyu nake zargi: ko dai wayar sauka ta tsinke a hanya, ko kuma bakin ƙarfen da ke cikin ƙaramin maɓallin fasinja ya daina haɗuwa idan maɓallin ya koma tsakiya. Alamarsu iri ɗaya ce sak. Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce a ciro maɓallin ɗaya daga ƙofofin baya, idan soket ɗinsu ya zo ɗaya, a jona shi a gaba a gwada.

Tsohon_Direba
Allah ya ƙara basira, Malam. Mu da muka tashi da Fijo 504 mai hannun murɗawa ba mu san wannan wahala ba, amma akwai dabara ɗaya da na koya bayan waɗannan motocin sun zo. Da daddare a kunna fitilar rufin mota, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, sannan a danna maɓallin. Idan hasken ya ɗan dushe, wuta tana isa moton, shi ne ya cije ko gilashin ya maƙale. Idan hasken bai ko ƙifta ba, wutar ba ta zagayawa, sai a nemi inda hanya ta yanke.

Ɗan_Maraɗi
Ina goyon bayan zargin waya. Golf 4 nake tuƙawa, kuma lokacin da gilashina ya fara irin wannan wasa, na lura idan ƙofar tana buɗe rabi yana aiki, idan an rufe ta sai ya ɗauke. Da aka zame robar nan mai kama da zugazugi da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, sai ga waya uku sun karye, wata huɗu kuma bawonta ya tsage tagulla a waje. Kowace buɗewa da rufewa lanƙwasa wayoyin take yi a wuri ɗaya, ga zafin rana irin namu yana busar da bawon har ya yi tauri. Abban_Hafsat, ka gwada riƙe maɓallin a kan hawa, wani kuma ya riƙa buɗe ƙofar direba yana rufewa a hankali. Na ce ta direba ne domin ita aka fi buɗewa, kuma wayoyin da Malamin_Fasaha ya ambata ta cikinta suke fitowa.

Direban_Haya
Idan maɓallin ne ya yi datti ai ba sai an saya ba. A fesa masa man nan na gwangwani da ake kwance noti mai tsatsa da shi, a danna sau da yawa, zai washe.

Injiniya_Jos
Ɗan'uwa, don Allah a bar wannan shawarar, tana da haɗari. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 7.4 a faɗin duniya saboda babban maɓallin gilashi, wanda ba a shafa wa maiƙo daidai ba tun daga masana'anta har ya riƙa cijewa, kuma abin da aka fi jin tsoro shi ne mutane su zuba masa man da ake sayarwa a kasuwa, ya narke ko ya kama da wuta. A Amurka Corolla ta 2009 ce ke cikin jerin tare da Camry da RAV4 na 2007 zuwa 2009, saboda haka ta Abban_Hafsat ba ta ciki, amma darasin ya shafi kowace mota. Maɓallin nan amfiya da yawa ke bi ta cikinsa, mai kuma yana kama ƙura ya zama laka a kan bakin ƙarfen. Idan wanke shi za a yi, akwai feshin da aka yi musamman don kayan lantarki, mai bushewa nan take ba ya barin maiƙo. Masu wankin mota da ke watsa ruwa a cikin ƙofa gilashi yana ƙasa su ma suna kashe maɓallan nan da yawa.

Abban_Hafsat
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na yi yau. Gwajin Baba Tsohon_Direba: hasken bai dushe ba ko kaɗan idan an danna hawa. Mun ciro maɓallin baya muka jona a gaba, ya zauna daidai, amma halin bai canza ba, yana sauka ba ya hawa. Na kaɗa ƙofar direba kamar yadda Ɗan_Maraɗi ya ce, sau ɗaya na ji moton ya yi ƙara kaɗan ya tsaya. Sai dai mai gyaran ya sa mitarsa ta auna wuta a kan wayoyin biyu daga gefen fasinja zuwa jikin mota, duka biyun mitar ta yi ƙara, ya ce wannan ya nuna babu wadda ta tsinke, dole babban maɓallin ne. Yanzu na rasa wanda zan bi.

Riwaya_Zariya
Alhaji, tambaya ɗaya: lokacin da ya auna, ya zare soket ɗin ƙaramin maɓallin ko a jone yake? Idan a jone yake, mitar yaudararsa ta yi. Naɗin wayar cikin moto kusan babu turjiya a cikinsa, don haka ɗan abin da mitar ke turawa zai bi ta cikin moton, ya fito ta wayar hawa mai lafiya, ya samu at a ƙofar direba, mitar ta yi ƙara alhali wayar sauka a tsinke take. Ana auna waya ne bayan an zare bakinta duka biyu.

Ko an zare ɗin ma, ƙarar mita ba hujja ba ce a wurina. Wayar mota silin tagulla ne da yawa a murɗe. Idan duk sun karye saura sili ɗaya, mita za ta yi ƙara, kuma za ta nuna bolt 12 cif, domin ita kusan ba ta jan komai. Moton gilashi kuwa yana jan amfiya da dama yana tafiya, idan ya cije ya ninka haka sau uku ko fiye, sili ɗaya ba zai ɗauki wannan ba. Shi ya sa nake aunawa a lokacin da kaya ke kan layi, wato moton yana jone ana danna maɓalli. A bar komai a jone, a sa baƙin tsinken mita a ƙarfen mota mai tsabta, a soka jan tsinken ta bayan soket ɗin fasinja a kan wayar sauka, sannan a danna hawa. Idan hanyar at lafiya take, abin da za a gani bai kamata ya kai rabin bolt ba. Idan aka ga bolt 12 ko kusa da haka, wuta ta ratsa moton ta zo ta tsaya, ta rasa hanyar komawa. Sai a koma soket ɗin babban maɓalli a auna wannan wayar dai, ana danne da hawa. Idan can sifili ne nan kuma 12, tsinkewar tana tsakaninsu, babu sauran gardama. Idan can ma 12 ne, to mai gyaranka ya yi gaskiya, laifin yana cikin babban maɓallin.

Wanda ba shi da mita zai iya yi da ƙwan fitilar burki mai wat 21, wanda ke jan kusan amfiya 2, ko na fitilar gaba mai wat 55 da ke jan wajen amfiya 4 da rabi. Ƙwan da ya kama ja-ja maimakon fari ya gaya maka wayar tana shaƙe.

Injiniya_Jos
Gargaɗi ga masu karantawa da motocinsu ba irin wannan ba ne. Duk bayanin da Malamin_Fasaha da Malam Riwaya suka yi na tsohon tsari ne, inda wutar moto ke bi ta cikin maɓalli. A Golf 4 ta Ɗan_Maraɗi, da Fijo 307, da mafi yawan sababbin motoci, akwai ƙaramar kwamfuta da ke karɓar saƙo daga maɓalli ta siririyar waya, ita ce take ba moton wuta. Jona ƙwan fitila ko wutar batir a kan irin wannan wayar yana iya ƙona kwamfutar. Haka nan duk soket ko wayar da aka naɗe da ruwan ɗorawa ta jakar iskar da ke kare mutum a haɗari ce, ba a soka mata tsinke, kuma idan aiki ya kai kusa da ita a cire kan batir a jira aƙalla daƙiƙa 90.

Maman_Iman
Tunda an ambaci cire batir, ina da tambaya. Bayan an canza mini batir, gilashin direba ya daina hawa da kansa idan na ja maɓallin sau ɗaya, sai na riƙe. Shi ma waya ce?

Injiniya_Jos
A'a Hajiya, mantuwa ya yi. Ki murɗa makulli, ki sauke gilashin har ƙasa ki ci gaba da riƙewa daƙiƙa biyu, ki ɗaga shi har sama ki sake riƙewa daƙiƙa biyu ko uku. A motoci da yawa wannan ya isa. A wasu Toyota da Lexus ma babban maɓallin ba ya taɓa sauran gilasan sai an yi wa kowanne haka daga maɓallin ƙofarsa, kuma an sha sayar wa mutane sabon maɓalli a kan wannan.

Tsohon_Direba
Ku taimaki bawan Allah ya rufe tagarsa tukuna, kwana nawa ke nan yana shan ƙura.

Riwaya_Zariya
Gaskiyar Baba. A cire marfin cikin ƙofar, a zare soket ɗin moton gaba ɗaya, sannan a jawo waya biyu daga batir, a sa fiyus mai amfiya 20 ko 30 a kan mai wutar. A taɓa su a bakin moton. Idan ya yi ƙasa a musanya. Da gilashin ya kai sama a janye nan da nan. Kada a yi wannan soket yana jone, domin wayoyin suna kan at, tartsatsi za a gani. Kuma kowa ya janye hannunsa daga cikin ƙofar, ƙarfen da ke ɗauke da gilashi yana datse yatsa.

Abban_Hafsat
Alhamdu lillahi. Mun auna kamar yadda Malam Riwaya ya tsara: gefen fasinja bolt 12, gefen direba kusan sifili. Da muka zame robar ƙofar direba ba mu ga komai ba da farko, bawon wayoyin duk a rufe, sai da muka riƙa jan kowace a hankali, ɗaya ta miƙe kamar roba, ashe tagullar ta karye a ciki. Mun kuma tarar da wata da aka taɓa ɗaurawa da hannu aka naɗe da baƙin salatif, tun kafin motar ta zo hannuna. Mai gyaran ya haɗa karyayyar da dalma a wurin, gilashin yana hawa yana sauka daga maɓallan biyu. Sai dai hawan yana da nauyi, ya fi sauran jinkiri sosai, musamman idan inji a kashe yake.

Ɗan_Maraɗi
Barka, amma ina tsoron gyaran ba zai daɗe ba. Dalma tana sandarar da waya, kuma an sa ta daidai inda ake lanƙwasawa, nan gaba kaɗan za ta karye a gefen ɗaurin. Ni ma haka aka fara yi mini, bai yi wata huɗu ba. Abin da ya zauna shi ne da aka yanke duk tsawon da ke cikin robar, aka sa sabuwar waya mai laushi mai kauri ɗaya da ta asali, ɗauri ɗaya ya koma cikin ƙofa, ɗaya cikin mota, kuma da matsi aka haɗa su maimakon dalma.

Riwaya_Zariya
Na yarda da kai ɗari bisa ɗari a kan fitar da ɗauri daga wurin lanƙwasa. A kan dalma kuwa muna da saɓani. Matsi yana da kyau idan akwai filayar da aka yi don shi da bututun haɗi mai inganci, amma abin da aka fi yi a garejinmu shi ne a matse da filaya ta gama-gari, bayan wata biyu ya saki. Dalmar da aka yi da kyau aka rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a wurin da ba ya motsi, na ga ta yi shekaru.

Malamin_Fasaha
Game da nauyin hawan, kada a ɗauka an gama da wayarin. Wannan tsohon ɗaurin na salatif, wace waya ce? Idan ita ce at ɗin babban maɓalli, duk gilasan ta cikinta suke komawa, kuma na gaba ya fi na baya girma da nauyi, shi zai fara nunawa. A sake aunawa a bakin moton kansa yayin da yake hawa, tsinke ɗaya a kowace waya. Batir mai cikakken caji yana ba da bolt 12.6, idan inji yana aiki kuma wajen 14. Idan abin da ke isa moton ya gaza na batir da fiye da bolt ɗaya, akwai sauran wurin da ke cin wuta a hanya.

Direban_Haya
Ni kuwa ina ganin ƙurar hunturu ce ta cika robar da gilashin ke bi, tunda ya yi makonni a buɗe. A wanke hanyar da ruwa da tsumma, a fesa mata silikon, kada a sa giris ko man inji. Kuma kada a manta moton na hannu ne, ba a san shekarun da ya yi ba.

Injiniya_Jos
Duka ukun suna iya haɗuwa a ƙofa ɗaya, kuma awon da Malamin_Fasaha ya faɗa shi zai raba su: idan wuta tana isa cikakkiya amma hawan yana ja, sai a koma kan roba da moto. Abban_Hafsat, tsohon moton yana nan?

Abban_Hafsat
Yana nan, na karɓo shi tun ranar da Malam Riwaya ya ce in adana. Ranar Asabar za mu buɗe salatif ɗin mu ga wace waya ce, mu canza tsawon da ke cikin robar, mu auna a bakin moton kafin mu taɓa hanyar gilashin, don in san wanne ne ya kawo nauyin. Wani abu kuma da na lura da shi yau da safe: madubin gefen fasinja ya daina motsawa hagu da dama, sama da ƙasa kawai yake yi. Maɓallinsa ba a ƙofar direba yake ba, to ko robar ƙofar fasinjan ita ma sai an zame ta?